Kan jirgin Jamus a hannun mutanen Holan: adana tarihi ne ko asarar kuɗi?

Manomin_Wageningen:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina karatu a Wageningen ta ƙasar Holan. Ranar Asabar wani abokin karatuna ya ja ni wani ƙauye da ake kira Beekbergen, kusa da Apeldoorn. Akwai wata ƙungiya a can mai suna VSM da ke riƙe da tsohon layin dogo mai tsawon kilomita 22, daga Apeldoorn zuwa Dieren, suna ɗibar masu yawon buɗe ido a jirgin ƙasa mai aiki da kwal. Kan jirgin da ya ja mu baƙi ne wuluk, ƙafafunsa jajaye, lambarsa ta fara da 52 80. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ɗan gida ba ne. Na Jamus ne, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu aka ƙera shi, daidai lokacin da Jamus ke mamaye da Holan ɗin. Manyan kawunan jirgin da ke rumfarsu kusan duk na Jamus ne. Na ga dattawa da furfurarsu, fuska duk baƙin mai, suna kwance ƙarƙashin wani da sifana a hannu, kuma ko sisi ba a biyansu.

Tambayata biyu ce. Ta farko, tarihin wa ake adanawa a nan? Mutum ya ci ƙasarka da yaƙi, ka je ka sayo kayansa kana goge shi kana shafa masa mai? Ta biyu, tunda an ce gyaransa na cin kuɗi, me zai hana a wanke shi a ajiye a gidan tarihi, sai lallai an hura masa wuta?

Sani_Kwanar4:
Wa alaikumus salam. Wanda ya ƙoshi ne ke kiwon jirgin ƙasa. Malam ka gama karatunka ka dawo mana da irin tumatir mai jure zafi, ka bar Turawa da hayaƙinsu.

Dogo_Kassel:
Amsar tambayarka ta farko tana cikin kalanda. Holan ta daina aiki da jirgin kwal tun watan Janairun 1958. Na ƙarshe da ya yi tafiya, mai lamba 3737, aka wuce da shi gidan tarihin jiragen ƙasa na Utrecht, sauran kuwa kusan duk aka yanka aka narke. To masu sha'awar abin ba su haɗa ƙungiyoyinsu da ƙarfi ba sai wajen shekarun 1970. Ita VSM ɗin a 1975 aka kafa ta. A lokacin ina za su samu na gida? Babu. Amma maƙwabciyarsu Jamus ta Yamma tana ta sallamar nata, don ita sai Oktoban 1977 ta kashe wutar na ƙarshe. Faɗin dogon ƙasashen biyu ɗaya ne, milimita 1,435, birki iri ɗaya, maɗaurin tarago iri ɗaya. Kana saye sai a jawo maka shi a kan dogo har ƙofar gida. Daga nan suka samu kawunan jirgi irinsu masu lamba 23 071 da 23 076 da 64 415. Jamus ta Gabas kuma ta ci gaba da amfani da su har 1988, da bangon Berlin ya faɗi aka haɗe ƙasar sai ga wani rukunin ya sake fitowa kasuwa. Wanda ya ja ku ɗan wannan rukunin ne. Ba son Jamus ya kai su ba, abin da ya rage a kasuwa ke nan.

Manomin_Wageningen:
@Dogo_Kassel na ji wannan, Yaya. Amma ai rashin na gida bai wajabta maka sayen na maƙiyi ba.

Malama_Tarihi:
Ni nan nake tare da mai tambaya, ko da ba duka ba. Samfurin 52, wato irin wanda ya ja ku, ba jirgin fasinja ba ne da yaƙi ya riska. Don yaƙin aka zana shi, don kai sojoji da makamai fagen dagar Rasha. Masana'antun da suka ƙera shi sun yi aiki da dubban mutanen da aka kamo aka sa su aikin tilas, har da 'yan Holan. Kuma jiragen ƙasa ne suka kwashe Yahudawa kusan 107,000 daga Holan, akasarinsu ta sansanin Westerbork, waɗanda suka dawo da rai ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba. Sai dai kada a ɗora wa Jamus kaɗai. Hukumar jiragen ƙasan Holan ɗin ce da ma'aikatanta suka riƙa jan taragun zuwa kan iyaka, kuma an biya ta kuɗin aikin. Sai a 2019 ta amince ta biya diyya, yuro 15,000 ga duk wanda ya tsira yana raye. Abin da nake so in sani, Malam Manomi, ka ga wani allo a wurin da ya yi bayanin inda kan jirgin ya fito? Ko sai hoto da alawar yara kawai?

Dogo_Kassel:
Malama ba ki faɗi ƙarya ba. Garin da nake zaune nan ne kamfanin Henschel yake, ɗaya daga cikin manyan maƙeransa, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka yi wa Kassel ruwan bama-bamai a 1943. Na farko a samfurin 52 ya fito ne a watan Satumban 1942 daga kamfanin Borsig. Sun ɗauki samfurin 50 suka rage masa duk abin da ba dole ba, sassa wajen 6,000 suka koma wajen 5,000, inda ake sa jan ƙarfe aka sa baƙi. Kafin yaƙi ya ƙare sun ƙera sama da 6,000. 'Yan shekaru kaɗan aka yi niyyar ya yi aiki. Amma bayan yaƙi Tarayyar Sobiyat ta kwashe sama da 2,000, Polan ta riƙe nata, Ostiriya da Norwe da Yugoslabiya haka. A Bosniya, wajen mahaƙar kwal ta Tuzla, suna jan kaya har bayan 2010.

Abu_Fatima:
Haba Malama. Ƙarfe ba ya da laifi. Shekara uku ya yi wa Hitila aiki, sannan ya yi shekara arba'in yana kai wa talakawa dankali da kwal ɗin ɗumama ɗaki. Wanne ya fi yawa?

Malama_Tarihi:
@Abu_Fatima ban ce a kai shi kotu ba, Malam. Cewa na yi duk wanda ya ce tarihi yake adanawa, to ya adana shi da ɗacinsa. In yaro ya hau ya sauka bai san hannun wa ya ƙera shi ba, ba tarihi aka nuna masa ba, lilo aka hau da shi.

Injiniya_Bompai:
Ku bar ni da tambaya ta biyu, nan ne gonata. Aikina kula da tukunyar tururi a wata masana'anta a Kano, kuma kan jirgin nan ba komai ba ne illa tukunya da aka ɗora wa ƙafafu. Matsin tururin samfurin 52 bar 16 ne, wato wajen ninki 16 na matsin iskar da muke shaƙa. A wannan matsin ruwan da ke ciki ya haura digiri 200 amma bai zama tururi duka ba, saboda an danne shi. Murhun yana cikin ruwan ne tsundum, bangonsa biyu, na ciki da na waje, ruwa a tsakani, an ɗinke su da ɗaruruwan sandunan ƙarfe don kada matsi ya ɓare su. Duk sanda aka hura wuta bangon ciki ya fi na waje saurin miƙewa, sandunan su ɗan lanƙwasa, in ya huce su koma. Yau da gobe sai su fara karyewa ɗaya bayan ɗaya. Mai dubawa yakan shiga cikin murhun da 'yar guduma yana ƙwanƙwasa kansu, daga ƙarar yake gane wadda ta tsinke.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, aikin yawon buɗe ido ya fi aikin gaske cutar tukunya. Da can in an hura wuta sai a yi makonni ba ta mutu ba. Yanzu a hura Juma'a da yamma, a yi Asabar da Lahadi, a bar shi ya yi sanyi ƙalau, wani makon a sake. Shi ya sa masu hankali ke fara 'yar wuta da itace tun jajibiri, su bar ta ta ɗumama a hankali dare guda. Ga kuma ruwa. In mai gishiri ne yana barin farin ƙanzo a jikin bututai, ƙanzon ya hana zafi wucewa, ƙarfen ya ƙone. Sannan doka: a Jamus duk shekara takwas iyaka sai an warware kan jirgi gaba ɗaya an duba, a Ingila kuma takardar tukunya shekara goma ce. Babban gyara ɗaya na iya lashe ɗaruruwan dubban yuro.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Injiniya, wato abin na iya fashewa da mutane ke nan? Kuma har yara ake hawa da su?

Injiniya_Bompai:
@Ummu_Hanan yana iya wa, Hajiya, amma kusan kullum sakaci ne ke jawo shi. In ruwa ya ja baya har rufin murhu ya fito fili, ƙarfen zai yi ja ya yi laushi ya ɓarke. Haka ya faru a tashar Bitterfeld ta Jamus ta Gabas ranar 27 ga Nuwamban 1977, mutum tara suka rasu. Daga shi ba a sake samun irinsa a Jamus ba. Kafin a ba tukunya takarda ana cika ta da ruwan sanyi a matsa shi fiye da yadda za ta yi aiki, in akwai rauni sai ta yi yoyo kawai. Ki kwantar da hankalinki, hanyar Kano zuwa Zariya ta fi shi haɗari.

Ɗan_Loko_Zariya:
Na karanta wa Baba wannan muhawara bayan sallar isha'i, ya ce in rubuta muku. Ya yi fayaman, wato mai zuba kwal a murhu, a reluwe yana saurayi, a kawunan jirgin da ake sa wa sunayen koguna, waɗanda aka kawo daga Ingila bayan yaƙi. Ya ce Injiniya ya san aikinsa. Abin da aka fara koya musu shi ne gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya: kada ka yarda da abin da idonka ya gani, sai ka murɗa famfon ƙasa ruwan ya zube ya sake hawowa da sauri, in ya hawo da nawa to bututun ya toshe, ƙarya gilashin ke yi maka. Ya ce hawan Kafanchan zuwa Jos nan ake gane namiji. Jirgi na fuskantar tudu ruwa duk ya taru a baya, gilashi ya nuna a cike, kana kaiwa ƙoli ka fara gangara sai ruwan ya gudu gaba ya bar rufin murhu. Da damina kuma ƙafafu su riƙa sulɓi, direba na sakin yashi a kan dogo, kai kuma wutar da ka shirya duk ta tashi sama ta bi hayaƙi. Zuba kwal ma ba jibga shi ake yi ba. Shebur shida ko bakwai, kusurwoyin baya tukuna, sannan gefe da gefe, ka rufe ƙofa ka dubi hayaƙi. In ya yi baƙi ƙirin ka yi ɓarna, in ya yi toka-toka ka yi daidai. Yakan juya bayan shebur a bakin murhu don ya kare ido ya ga inda wuta ta yi rami.

Da na nuna masa hoton 52 ɗin sai da ya ƙirga ƙafafun, ya ce goma masu ja, biyu ƙanana a gaba, nasu takwas ne. Ya ce a gaida dattawan Holan ɗin, da yana kusa da ya karɓi shebur.

Ummu_Hanan:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Injiniya_Bompai:
A gaida Baba da kyau, ranka ya daɗe. Zancen ruwan nan da ke gudu gaba a gangara, mu masu tukunyar da ke zaune wuri ɗaya ba mu taɓa fama da shi ba.

Bature_Baƙi_PE2:
Mutanen Holan ma sauƙi suka samu. Ku zo Ingila ku ga wahalar baƙon jirgi. Faɗin dogo ɗaya ne da na Jamus, amma su Ingilishi da suka riga kowa gina layuka sun yi gadoji gajeru, ramukan dutse matsattsu, dandamalin tasha kuma dogo ne ya matso kusa da layi. Kan jirgin Jamus ya fi faɗi ya fi tsayi, in ka sako shi sai ya kankare bakin dandamali. Nan kusa da ni a Peterborough akwai layin Nene Valley, wajen kilomita 12, da aka buɗe a 1977. Su da gangan suka rushe gada guda suka gyara dandamali don jiragen Turai su samu wucewa, shi ya sa na Suwidin da Denmak da Faransa da Jamus duk sun yi aiki a can, har da wani samfurin 64 na Jamus. Bayan faɗi ga birki: tsofaffin taragun Ingila da zuƙe iska birkinsu ke aiki, na Jamus da matsa iska. Dole ka ƙara wa kan jirgin wani tsarin, ko ka sayo taragunsa su ma daga can. Ga noti da ƙusa, na Jamus ma'aunin milimita, sifanun tsohon gareji kuma na inci.

A gidan tarihin Bressingham da ke Norfolk akwai 52 guda, mai lamba 5865, wanda Jamusawa suka kai Norwe lokacin mamaya ya maƙale a can. Yana tsaye ne kawai ana kallo. Wanda ya fi dacewa da zaman Ingila ƙarami ne, Black Prince, da Krupp ya ƙera a 1937 don wani bajekoli a Düsseldorf. Tun 1976 yake layin Romney a Kent, dogonsa faɗin inci 15.

Sani_Kwanar4:
A rushe gada saboda baƙo ya wuce? Ni surukina ma da ya sayi babbar mota cewa na yi ya riƙa ajiye ta a waje.

Dogo_Kassel:
Bari in jefa wani abu da zai rikita lissafin Malama da na Abu_Fatima duka. Mai tambaya ya ce lambar ta fara da 52 80. Waɗannan guda 200 ne da Jamus ta Gabas ta sake wa gini a garejin Stendal tsakanin 1960 da 1967. An cire tukunyar yaƙi aka ɗora sabuwa ta walda, aka canza na'urar ɗumama ruwa, har lamba aka sake. Wannan akwatin da ka gani a gaban bututun hayaƙi alamarsu ce. Launin ma ba na yaƙi ba ne, lokacin yaƙi ruwan toka ake shafa musu. Saboda haka abin da ya ja ku, ƙashinsa na wajen 1943 ne, cikinsa na zamanin gurguzu, bututansa kuma wataƙila na shekaran jiya.

Habu_Gwangwan:
To ai magana ta ƙare. In tukunya sabuwa ce, bututai sababbi, bakin ƙafafun an sake, me ya rage na tarihi ban da lamba? Kuma duk ranar da aka hura masa wuta ana ƙara cinye ɗan abin da ya rage. Masu cewa suna adana shi su ne ke ƙarar da shi. Ni sana'ata saye da sayar da tsohon ƙarfe, na san bambancin tsoho da wanda aka yi wa kwalliyar tsufa.

Sarkin_Magina:
@Habu_Gwangwan gidan kakanmu a cikin birnin Zariya na ƙasa ne. Duk shekara kafin damina sai an yi masa yaɓe, azara ta ruɓe an sake, soro ya faɗi an tayar. Da wuya a samu ƙasar da kakanmu ya taɓa da hannunsa a jikin bangon waje. Amma je ka gaya wa 'yan unguwa ba gidansa ba ne. Na maƙwabtanmu da aka kulle aka ce kada a taɓa, damina uku ta kwantar da shi.

Malama_Tarihi:
Sarkin Magina misalinka ya yi, amma Habu ma yana da hujja, kuma masu gidajen tarihi da kansu sun rabu biyu a kan haka. In abu guda ɗaya ne tak ya rage a duniya, ajiye shi ya fi, don duk abin da ka yanke ka jefar ya tafi da shaidar yadda mutanen da suka yi aiki. Samfurin 52 kuwa ya rage da yawa a ƙasashe daban-daban, a ajiye wasu yadda suke, a ƙona wuta a wasu. Sai dai ajiyar ma ba tabbas ba ce. Mai lamba 23 105, kan jirgin kwal na ƙarshe da aka ƙera wa Jamus ta Yamma a 1959, a cikin rumfar gidan tarihin Nuremberg gobara ta same shi a 2005.

Injiniya_Bompai:
Ni abin da nake gani ana adanawa ba ƙarfen ba ne kaɗai. Ku dubi abin da Baba ya faɗa a sama. Wannan ba ya zama a allo, sai an tsaya gaban wuta wani ya nuna maka. Haka masu gyaran. A Meiningen ta jihar Turingiya akwai garejin da har yau yake ƙera sababbin tukwanen jirgi, kuma ya rayu ne don akwai masu kawo aiki. Da Ingilishi suka tashi gina sabon kan jirgi fil mai suna Tornado, wanda aka gama a 2008, a ƙasar da ta ƙirƙiro jirgin ƙasa ba su samu inda zai yi musu tukunyar yadda suke so ba, Meiningen suka kai aikin. Ranar da kowa ya kashe wutarsa, garejin zai rufe, masu hannun su watse.

Aladji_Ngaoundere:
Salama alaikum daga Kamaru. Mu tambayar Malam Manomi ba baƙuwa ba ce gare mu, don Jamus ta mulke mu har yaƙin duniya na farko. Su suka shimfiɗa layin Bonaberi zuwa Nkongsamba, kilomita 160, aka buɗe a 1911, suka kuma fara na tsakiya daga Duwala. Faɗin mita ɗaya da suka zaɓa shi ne har yau jirgin da ke zuwa garinmu ke bi, ko da yake namu ɓangaren sai 1974 ya iso. Mutane da yawa sun mutu a aikin tilas na wancan lokacin, ba wanda ya manta. Amma da a ce an bar mana kan jirgi guda na zamanin yana tafiya, wallahi da na kai jikokina. A jikinsa zan fi iya ba su labarin.

Malama_Tarihi:
Alhaji ka taɓo inda nake son zuwa. Mu ma a Najeriya wane kan jirgi ne namu? Duk daga waje aka kawo su. Layin Baro zuwa Kano da ya iso a 1911, ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar talakawa aikin dole, kuma an shimfiɗa shi ne don kwasar amfanin gona zuwa teku. Amma ga Baban Ɗan_Loko, ƙuruciyarsa ke nan, gumin da ya ciyar da iyalinsa ke nan. Kafanchan da Sabon Garin Zariya reluwe ce ta raya su. Wa zai ce masa ba tarihinsa ba ne don an ƙera jirgin a Glasgow? Matsayina bai canza ba dai: a adana, amma a faɗi duka.

Nupawa_Minna:
In kun zo Minna ku leƙa tashar jirgi, akwai ɗan ƙaramin kan jirgin layin Wushishi zuwa Zungeru na 1901, shi ne na farko da ya yi tafiya a Arewa. A Jos ma akwai ragowar kayan ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957. A Ebute Metta kuma ƙungiyar Legacy ta gyara gidan Jaekel ta mai da shi ɗan gidan tarihin reluwe. Akwai abin gani, sai dai duk a tsaye suke.

Ɗan_Maradi:
Ku kuna da abin adanawa ma. Mu a Nijar gyaɗarmu sai an kai ta Ƙauran Namoda ko Kano ko Nguru kafin ta ga tarago. Dogon Yamai zuwa Doso da aka yi bikinsa a 2016 yana nan kwance, ƴan awaki ke hutawa bisa.

Khalifa_ABU:
Tambaya don Allah. Tunda sabon layin Abuja zuwa Kaduna irin faɗin na Turai ne, me zai hana a sayo 52 guda a riƙa yawon sallah da shi?

Bature_Baƙi_PE2:
@Khalifa_ABU ƙanena, ƙafafunsa za su zauna daram, 1,435 ne duka. Tsohon layinmu ne ba zai hau ba, shi 1,067 ne. Nauyi ma ba matsala, an yi shi ne don raunanan layuka, kowane jerin ƙafafu tan 15 kawai yake ɗora wa dogo. Amma lissafa sauran. Tsawonsa da taragon ruwansa mita 23, nauyi ya haura tan 130, sai an yi jigilarsa ta teku sannan ta mota. Maɗaurinsa ƙugiya ce da sarƙa, na sababbin taragunmu wani iri ne daban. Taragonsa na ɗaukar lita 30,000 na ruwa da tan 10 na kwal, wa zai cika masa a Rigasa? Ina ramin da za a zubar da toka, ina wurin juya shi? Gudunsa kuma bai wuce kilomita 80 a awa ba. Kuma kafin duk wannan, ina mutum talatin da za su ba da Asabar ɗinsu kyauta shekara da shekaru?

Dogo_Kassel:
Kwal ɗin ma yanzu shi ne ciwon kan kowa. Holan ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe a Limburg a 1974. Jamus ta rufe ta baƙin kwal ta ƙarshe, Prosper-Haniel a Bottrop, a Disamban 2018. Sai aka koma sayowa daga Polan da Rasha, a 2022 kuma Tarayyar Turai ta hana na Rasha, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Kuma ba kowane kwal ke yi ba. Tashoshin lantarki gari suke so, kan jirgi kuwa sai dunƙule-dunƙule, wanda ba ya narkewa ya toshe ƙarafan murhu. Masu layin tsaunin Harz, na Jamus, da ke hawa dutsen Brocken kullum da jirgin kwal, har sun shiga gwajin ƙona mai a madadinsa.

Bature_Baƙi_PE2:
Nan ma haka. Mahaƙar kwal ta Ffos-y-fran a Wales, inda akasarin layukan tarihi ke samun mai kyau, an rufe ta a Nuwamban 2023. Yanzu daga ƙetare ake kawowa, wasu kuma na gwada dunƙulen da aka haɗa da ƙwallon zaitun.

Manomin_Wageningen:
Na gode ƙwarai, jama'a. @Malama_Tarihi a cikin jirgi ba na jin an yi wannan zancen, amma dattijon da na tsaya hira da shi a rumfa bai ɓoye komai ba. Shi ya fara gaya mini don me aka ƙera shi, ya ce mahaifinsa ma an tafi da shi aikin tilas Jamus. Na ce to me ya kawo ka nan? Ya ɗaga kafaɗa ya ce injin kirki ne, ya koma ƙarƙashi. Ni dai har yanzu da a ce ni ne da zuciyata ba ta ba ni ba.

Abu_Fatima:
Ka ji ko? Wanda aka yi wa laifin ya wuce wurin, mu ne 'yan kallo ke ta ɗaukar zafi.

Malama_Tarihi:
Mutum ɗaya ya wuce wurin, Malam Abu. Ba shi ke magana da yawun iyalan Westerbork ba.

Habu_Gwangwan:
In aka mai da shi mai ƙona mai kuma fa, Sarkin Magina? Shi ma yaɓe ne?

Dogo_Kassel:
@Habu_Gwangwan ba sabon abu ba ne. Jamus ta Yamma da ta Gabas duk sun mayar da wasu samfurin 44 da wasunsu masu shan baƙin mai tun suna bakin aiki, kuma masu shan man suna cikin na ƙarshe da suka yi aiki a 1977.

Ɗan_Loko_Zariya:
Baba ya ce shi bai yarda ba. In babu shebur to fayaman mai murɗa famfo ne kawai. Ya ce a tambayi Turawan ko sun gwada kwal ɗin Inugu, yana kamawa da wuri, harshensa dogo, sai dai yawan toka da tartsatsi. Da rani sukan bar gobara a bayansu tun daga Makurɗi, manoma na bin su da zagi.

Injiniya_Bompai:
Ɗan_Loko tambayar mini Baba, tokar nan a hanya suke zubar da ita ko sai sun isa loko? Kuma da me suke fasa ta in ta daskare a kan ƙarafan murhu jirgi na cikin tafiya?